"Ta Ji Jiki, Canza Mini": Wa Ke Yanke wa Takardar Kuɗi Daraja a Haɗejiya?

A kasuwar kifi ta Haɗejiya, mai kaya zai ce ya sallama, a tafa, amma da sauran rina a kaba. Sai an ƙirga kuɗi sannan ciniki na biyu zai fara. Mai karɓa zai bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya murza wannan da yatsa, ya ɗaga waccan ya duba ta a hasken rana, ya ware biyu ko uku gefe.

"Alhaji, canza mini wannan, ta ji jiki."

"Haba malam, ai lambarta na nan, me ya same ta?"

"Ni ma in na kai gaba ba za a karɓa ba."

Maganar ƙarshen nan ita ce tushen rigimar. Babu wanda ya ce takardar jabu ce. Dukansu sun san Babban Bankin Najeriya ne ya buga ta, ga hoton Sardauna ko na Azikiwe nan daram a jikinta. Abin da mai kifi ke tsoro shi ne hannu na gaba: mai gidan mai, ko direban da zai ɗauki kwalayen banda zuwa kudu, ko mai shagon da zai sayi zaren koma a wurinsa. Kowa yana auna takarda da idon wanda zai miƙa wa gobe. Ta haka aka samu wani ma'auni da ba a rubuta a ko'ina ba, amma har yarinya mai tallan gyaɗa ta haddace shi.

Ma'aunin yana da matakai. A sama akwai sabuwa fil, mai ƙara in an kaɗa ta, wadda ake nema don liƙi da barka da sallah. Sai wadda ta zaga amma tana da sauran ƙwari. Sai wadda ta yi laushi, ta sha mai da gumi har launinta ya dushe. Sai mai salatif, wadda ake fara duba ko rabin dama da rabin hagu na takarda ɗaya ne, domin akwai masu haɗa gutsattsari biyu da lambobinsu suka saɓa. A can ƙasa kuma akwai wadda kusurwarta ta fita da lamba, ko gara ta ci, ko wuta ta lasa. Matsalar ita ce iyakar da ke tsakanin mataki da mataki ba a tsaye take ba. Takardar da mai shayi ya karɓa da safe a cikin garin Haɗejiya, da yamma ɗan acaɓa zai iya ƙin ta a Guri ko Birniwa. Wadda aka ƙi daga hannun yaro, in babban mutum ne ya miƙo ta sai a karɓa ba musu.

A nan ne abin yake ci mini rai. Hukuncin lafiyar takarda yana hannun wanda ya fi ƙarfi a cinikin. Dillalin da ya sayi buhu hamsin na shanshera zai biya da bandir, kuma a tsakiyar kowace rafa ba a rasa gajiyayyu. Manomin da ya daɗe yana jiran mai saye ba zai tsaya zaɓe ba, don kada ciniki ya watse. In ya koma gida ya fara kashewa, shi za a riƙa mayar wa da su ɗaya-ɗaya. Daga gare shi su gangara zuwa mai nono, daga mai nono zuwa tsohuwa mai daddawa, har su tsaya a hannun wanda ba shi da wanda zai tura wa. A manyan kasuwanni da tashoshin mota na arewa akwai masu sayen irin waɗannan takardu da ragi, su tara su kai banki a ba su cikakken kuɗi. Ribar tasu daga aljihun wanda ya fi kowa rauni take fitowa.

Ƙasar ruwa

Ko'ina a Najeriya kuɗi na tsufa, amma fadamar Haɗejiya tana da nata dalilan. Daga Auyo zuwa Kiri Kasamma, zuwa dausayin Baturiya har a dangana da Nguru, abincin mutane a cikin ruwa yake. Masunci yana karɓar kuɗi da jiƙaƙƙen hannu mai ƙarni. Mai banda yana karɓa da hannun da ya sha hayaƙi da man kifi. Mai dashen shinkafa yana wuni a taɓo da 'yan canjinsa a aljihu, mai fito kuma yana cusa nasa a hula ko a lalita. Takardun naira 100, 200, 500 da 1,000 da auduga ake yin su. Suna jure wahala fiye da takardar rubutu nesa ba kusa ba, amma in suka jiƙe suka bushe sau da yawa sai su saki, ninkin tsakiya ya zama tsaga, tsaga ta kira salatif.

Babban Banki ya san da wannan, shi ya sa ya kawo kuɗin leda: naira 20 a 2007, sannan naira 5, 10 da 50 a 2009. Leda ba ta shan ruwa, kuma a bayan naira 50 ma hoton masunta ne da kifinsu. Sai dai ita ma tana da cutarta. Fentinta yana gogewa har ta koma fara, zafi yana tamuƙe ta, kuma in ta fara tsagewa ba ta tsayawa. Ban da haka, tsadar kaya ta riga ta wuce da waɗannan ƙananan. Aikin canji da naira 20 da 50 suke yi a da, yanzu ya koma wuyan naira 100 da 200, waɗanda takarda ce zalla. Su ne suka fi yawo, su ne kuma suka fi fita hayyacinsu.

Sai ambaliya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta canza, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma in damina ta yi ƙarfi ruwan yakan nemi hanya ta cikin garuruwa. An gani a 2012, an gani a 2018 da 2020, an kuma gani a 2022, shekarar da matasan Haɗejiya suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga don tsare gari. In ana lissafin asara akan ambaci gidaje da gonaki da dabbobi. Ba a cika ambaton kuɗin da ke cikin asusu, ko ƙarƙashin katifa, ko cikin kwallar uwargida ba, kuɗin adashe da na kayan ɗakin 'ya. Garuruwa da yawa na masarautar Haɗejiya ba su da reshen banki, sai an zo Haɗejiya, saboda haka ajiya a ɗaka ba ganganci ba ne. In gini ya zauna a kan irin wannan ajiya, abin da za a tono curi ne da ya manne, ya yi funfuna. Kuɗi ne halattattu, amma babu mai shagon da zai kalle su.

Abin da doka ta ce

Dokar Babban Banki ta 2007 ba ta san ragi ba. Sashe na 20 ya ce wanda ya ƙi karɓar naira a matsayin biya ya yi laifi, hukuncinsa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Sashe na 21 ya haramta wulaƙanta ta: yagawa, rubutu a kai, liƙi, takawa a wurin rawa, har da sayar da ita. Sashe na 22 kuma ya ce babu wanda ke da ikon tilasta wa Bankin ya biya shi takardar da ta lalace, in an biya alfarma ce bisa sharuɗɗan da Bankin ya ga dama.

A watan Afrilun 2019 Bankin ya fito da tsarin tsabtar takardun kuɗi tare da ƙa'idojin gane wadda ta cancanci ci gaba da yawo. A ciki an yi maganar dauɗa, laushi, tsaga, huji, tabo, rubutu, gogewar tawada da gyaran salatif. An ɗora wa bankuna nauyin tantancewa, an hana su mayar da gajiyayyu cikin na'urar cirar kuɗi ko miƙa su a kanta, an kuma buɗe wata uku, daga farkon Yuni zuwa farkon Satumba na shekarar, don a kawo lalatattu. Takardar da gobara ko ruwa ko ƙwari suka ɓata, muddin fiye da rabinta na nan kuma ana iya gane ta, tana da hanyar komawa gida.

Ke nan a idon hukuma takarda hali biyu gare ta. Ko dai ta ci gaba da yawo da cikakkiyar darajarta, ko a janye ta a ba mai ita madadinta cif. Babu naira dubu da ta koma ɗari bakwai don ta tsufa. Amma wannan ƙa'ida da Turanci take, a ofisoshin Abuja da Legas da reshen Dutse take zaune. Masuncin da ke Kiri Kasamma bai taɓa ganin ta ba, kuma kuɗin motar da zai kai shi banki da takardu uku masu salatif ya fi abin da zai karɓo.

Inda ake sayen takarda don lafiyarta

Akwai wasu mutane a duniya da wannan gardama ita ce harkarsu ta kullum, wato masu tara takardun kuɗi don sha'awa da tarihi. A wurinsu lambar da ke jikin takarda ba ita ce farashinta ba. Abu biyu ne ke yanke farashi: ƙarancinta, da lafiyarta. Kuma da yake sun sha rigima a tsakaninsu, sai suka zauna suka rubuta ma'auni.

Ƙungiyarsu ta duniya, IBNS, wadda aka kafa a 1961, ta kasa lafiyar takarda mataki tara. Na ƙoli ita ce wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba: babu ninki, babu tabo, kusurwoyinta huɗu da kaifinsu. Mai bi mata tana da ninki ɗaya mara ƙarfi, ko alamar yatsan mai ƙirga. Ta uku an yarda mata da ninki uku marasa ƙarfi ko ɗaya mai ƙarfi. Ta huɗu ta ninku a tsaye da kwance amma takardar na da sauran ƙwari kuma ba ta tsage ba. Daga nan sai a gangara: wadda ta fara laushi da 'yan tsage-tsage a baki, wadda tsagar ta shiga cikin zane har ɗan huji ya fito a mahaɗar ninki, wadda ƙananan gutsattsari suka fita, wadda manya suka fita, har zuwa tsumma da salatif ke riƙe da ita. In aka ɗora 'yan ɗari-ɗarin da ke yawo a kasuwannin fadama a kan wannan sikeli, a ganina mafi yawansu a matakai huɗu na ƙasa za su faɗa.

Amurkawa ba su tsaya nan ba. Wani kamfani mai suna PMG, da aka buɗe a 2005 a garin Sarasota na jihar Florida, yana ba takarda maki daga 1 zuwa 70, tsarin da aka aro daga wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949 don kwabbai. Mutum zai aika takardarsa ya biya, ƙwararru su duba ta a ƙarƙashin fitila da madubin ƙara girma, su rufe ta a cikin leda mai tauri da makinta a rubuce a sama. Daga 60 zuwa sama ita ce wadda ba ta shiga hannu ba. Akwai kuma haruffa uku, EPQ, da suke ƙarawa in sun gamsu cewa takardar tana nan yadda ta fito daga maɗaba'a, ba a wanke ta ba, ba a danne ta ba. Ba sa ba da 65 ko sama da haka sai da waɗannan haruffa. Tazarar maki ɗaya a can sama takan iya ninka farashi.

To, a kan me suke faɗa? Na farko, a kan bambancin ninki da lanƙwasa. Ma'aikacin banki in yana ƙirga sababbin kuɗi da hannu yakan bar 'yar alama kusa da kusurwa. Mai sayarwa zai ce wannan ba ninki ba ne tun da zaren takardar bai karye ba, mai saye ya ce ko ma mene ne an taɓa ta. Na biyu, a kan daidaiton gefe: in wuƙar maɗaba'a ta yanka ta karkace, farin gefen dama ya fi na hagu faɗi, maki ya sauka ko da ba wanda ya taɓa ta. Na uku shi ne al'adar ƙasashe. Ma'aikatan bankunan Faransa sun daɗe suna soke takardu goma-goma da allura, saboda haka tsofaffin kuɗin Faransa da na ƙasashen da ta mallaka, har da na maƙwabtanmu, da wuya a same su ba huji. A Indiya da ƙusar maƙala takardu ake ɗinke bandir, sai a 2001 babban bankinsu ya hana. Shin za a hukunta takarda saboda hujin da banki da kansa ya yi mata? Har yau bakin bai zo ɗaya ba, abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne dole mai sayarwa ya faɗa.

Babbar rigimar ita ce ta gyara. Akwai masu jiƙa takarda su danne ta don ninki ya ɓace, akwai masu wanke ta da sinadari, akwai masu aske bakin da ya tauye da reza, akwai masu cike huji. Ƙwararre yana gane su kamar yadda dillalin shanu a Maigatari ke buɗe bakin sa ya karanta shekarunsa a haƙora, komai ƙibar da aka yi masa. Zai kwantar da takardar ya haska ta daga gefe, sai sawun tsohon ninki ya bayyana. Zai shafa ya ji ko tudun tawada da injin ya bari yana nan ko guga ta kwantar da shi. Wani ma har sansanawa yake yi. A wurinsu takarda mai dauɗar asali ta fi mai tsabtar ƙarya daraja.

Kamfanonin ma ba su tsira ba. Ana samun wanda zai yanke ledar ya ciro takardarsa ya sake aikawa, ko Allah zai sa a wannan karon ta samu ƙarin maki, kuma wani lokaci takan samu. Wannan kaɗai ya nuna cewa idon ɗan Adam ne ke aikin. Rubuta ma'auni bai kashe gardama ba. Abin da ya yi shi ne ya taƙaita ta. Mutum biyu za su yi musu a kan ko ninki ɗaya ne ko biyu, amma sun yarda da abin da ninki ke nufi, kuma sabon shiga yana iya buɗe littafi ya ƙalubalanci tsohon hannu. Wannan shi ne abin da mai daddawa ba ta da shi.

Wapa da Maigatari

Tsakanin kasuwar kifi da waɗancan masu tarawa akwai 'yan canji. Duk ɗan kasuwar Haɗejiya da ya taɓa kai dala Wapa a Kano, ko alhajin da ya dawo da ragowar guzuri, ya san dala ɗari ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai ƙaramin kai ta kafin 1996, akwai mai babban kai, akwai mai shuɗin zare da ta fito a watan Oktoban 2013. Gwamnatin Amurka ta ce dukkansu halattattu ne, darajarsu ɗaya, ba ta taɓa soke ko ɗaya ba. Amma a teburin ɗan canji tsohuwa tana da nata farashi, mai tabon biro ko hatimi da nata, ƙananan takardu irin dala ɗaya da biyar ma da nasu. Hujjarsa ita ce ta mai kifi: inda zai kai su a waje haka ake yi masa. A kasuwar Alhamis ta Maigatari ma, inda naira da sefa ke haɗuwa a cinikin dabbobi, Bahaushen Nijar yana duba naira da tsanani fiye da ɗan gida, domin in ta maƙale masa a Damagaram ba shi da bankin da zai kai ta.

Malaman fiƙihu suna da magana a nan, kuma ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san hukuncin musayar zinariya da zinariya ko azurfa da azurfa: daidai wa daida, hannu da hannu, kuma kyawun ɗaya ko munin ɗaya ba ya halatta ƙari. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a riba da zakka. A kan haka malamai da yawa ke ganin sayen yagaggiyar naira dubu a ɗari bakwai, ko sayen rafar sababbi da ƙari don biki, ya shiga riba. Musayar dala da naira kuwa jinsi biyu ne, farashi yana hannun masu ciniki in dai hannu da hannu ne. Ita kuma takardar da gwamnati ta soke, kamar fam da sule, da yawa daga malamai suna ɗaukar ta haja ce kamar kowace haja, ana iya sayar da ita yadda aka daidaita. Abin lura shi ne shari'a da dokar ƙasa sun haɗu a wuri ɗaya: kuɗin da ke yawo ba a yi musu matakai, wanda aka soke shi ake yi wa.

Tsoron da aka gada

Rashin sakin jiki da takarda ya girmi naira. Bayan Turawa sun ci Haɗejiya a watan Afrilun 1906, a yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada, haraji ya tashi daga wuri ya koma ƙarfe: anini, kwabo mai huji, sisi, sule. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1912, ta fara fito da takarda a 1916. Da azurfa ta yi ƙaranci a ƙarshen yaƙin duniya na farko aka matsa wa mutane su karɓe ta, su kuwa suka riƙa canza ta da ragi don su samu sule mai nauyi, wanda gara ba ta ci, ruwa ba ya narkarwa. Ko da jirgin ƙasa ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru a 1930, cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya fi natsuwa da abin da zai iya binnewa a tukunya.

Sauye-sauyen baya sun ƙara wa tsoron ƙarfi. An canza kuɗi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. An koma naira ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, shi ya sa har yanzu wasu dattawa ke kiran naira 200 jaka guda. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launuka, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu. Kowane sauyi ya bar wasu mutanen karkara da takardun da suka wayi gari ba su da amfani.

Na 2022 kowa ya gani da idonsa. Ranar 26 ga Oktoba, ruwan ambaliya bai gama janyewa daga gonaki ba, gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya naira 200, 500 da 1,000, yana cewa daga cikin tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Sababbin sun fito 15 ga Disamba. Ranar 31 ga Janairun 2023, wadda da farko ita ce wa'adin daina karɓar tsofaffin kafin a ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, Shugaba Muhammadu Buhari yana Auyo yana buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, manoman da aka yi aikin dominsu kuwa suna neman takardar da za su biya 'yan ƙwadago. Sababbin ma ba su tsira daga zargi ba, domin mutane sun ga suna barin launi in an goga su a farin ƙyalle, har kamfanin buga kuɗi na ƙasa ya fito ya ce halin irin tawadar ke nan, alama ce ta tsaro.

Abin da ya biyo bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris 2023, wanda ya ce tsofaffin takardu su ci gaba da yawo, shi ya fi komai tona asirin ma'aunin kasuwa. Tsofaffin takardu suka dawo daga rumbunan bankuna, da yawansu a gajiye, wasu na wari. Babu wanda ya ce a canza masa. In ruwa ya ci mutum, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Takardar da aka ƙi a watan Satumba, ita aka karɓa da hannu biyu a watan Maris. A watan Nuwamban 2023 kotun ta ce tsofaffi da sababbi su ci gaba da tafiya tare ba wa'adi, kuɗi ya ɗan wadata, zaɓen takarda ya dawo.

Abin da ke cikin adaka

Waɗannan sauye-sauye sun bar gado. A gidaje da yawa na Haɗejiya da Kafin Hausa da Malam Madori, in aka buɗe adakar tsohuwa ko gafakar malam bayan rasuwa, akan tarar da fam ɗaya na 1959, ko sule goma, ko takardar kwabo 50, ko naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, ko Murtala ta farko, wato naira 20 ta 1977, da ajaminta. Magada sukan kasu biyu: masu ganin shara ce, da masu jin an ce ana sayen tsofaffin kuɗi da miliyoyi.

Gaskiyar tana tsakani, kuma ta fi kusa da ƙasa. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Kuɗin Biyafara sun haura shekara hamsin amma da yawansu araha ne, domin an bar su jibge ba a taɓa ba. Abin da masu tarawa ke bi shi ne wanda ya yi wuya: takardun hukumar Afirka ta Yamma na farko-farko, fam biyar mai lafiya, sa hannun gwamnan da bai daɗe a kujera ba kamar Malam Adamu Ciroma da ya riƙe Bankin daga 1975 zuwa 1977, ko takardar da lambarta ta fara da DZ, wadda ake bugawa don maye gurbin da ta lalace a maɗaba'a. Naira ɗaya da ta sha hannu, kuɗin aika ta waje a duba sun fi ƙarfin farashinta.

Duk da haka ina roƙon duk wanda ya tsinci irin wannan ajiya da ya bar ta yadda ya same ta. Kada a wanke, kada a sa dutsen guga, kada a liƙa salatif, domin gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Mafi muni shi ne kai ta shagon kwamfuta a liƙe ta a leda da zafi kamar katin shaida, wannan kisa ne da ba a dawowa daga gare shi. A shimfiɗa ta a tsakanin fararen takardu biyu, a sa a wuri busasshe mai tsayi inda ruwa ba ya kaiwa. Ko ba ta yi tsada ba, shaida ce ta cinikin da kakan gidan ya yi, kuma jikokin da ba su taɓa ganin fam ba sai sun je gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja, za su gan shi a gidansu.

Ita kuwa nairar da ke yawo, maganinta ba ya buƙatar sabuwar doka. A ranar 23 ga Janairun 2023 Babban Banki ya fara tura wakilai ƙauyuka suna musanya tsofaffi da sababbi, har naira 10,000 ga mutum ɗaya, ba tare da an tambaye shi asusun banki ba. Da ana so a kwashe kuɗi daga hannun jama'a an san hanyar karkara. Wannan hanyar za a iya bi kowace shekara bayan ruwa ya janye, a kafa tebur ranar kasuwa a Guri da Auyo da Kiri Kasamma, a karɓi jiƙaƙƙu da yagaggu a ba da cikakken madadi. A kuma fassara ƙa'idar 2019 zuwa Hausa, da boko da ajami, da hotunan takardar da dole a karɓa da wadda sai banki, a manna a rumfar sarkin kasuwa da shagunan masu POS, a karanta ta a rediyo. Sarkin kasuwa da shugabannin masunta suna raba gardamar awo da ta bashi kullum, za su iya raba ta takarda in aka ba su abin nunawa.